Likita ya ce "wataƙila": yadda za ki riƙe gida kafin ranar ganin likitan ƙwaƙwalwa

Tambaya:

Assalamu alaikum. Ni mazauniyar Makka ce, wajajen Shara Mansur. Shekararmu 39 da aure. Maigidana tela ne, yana da shekara 68, yana fama da ciwon suga da hawan jini. Kusan shekara ɗaya da rabi ke nan da na lura ya soma mantuwa. Zai tambaye ni abu in ba shi amsa, kafin in sauke tukunya ya sake tambaya. Ya kan auna mutum ya rasa inda ya rubuta awon. A watan jiya ya fita sallar Isha'i a masallacin unguwa, sai wajen sha ɗaya na dare wani yaro ya rako shi gida, ya ce ya gan shi yana ta zagaye. Sau biyu yana cewa na ɗauke masa kuɗi. Likitan markaz, wato ƙaramin asibitin unguwa, ya yi masa tambayoyi, ya ce ya ci 22 cikin 30, wataƙila farkon ciwon mantuwa ne, wataƙila kuma ba shi ba ne. Ya tura mu wajen likitan ƙwaƙwalwa, amma mau'idin, wato ranar ganinsa, sai nan da wata uku. Babban ɗanmu ya ce tsufa ne kawai, ƙanwar maigidan ta ce sammu ne. Wata rana ya tashi garau har in ga kamar na zalunce shi da zato, washegari ya koma. Ba na iya barci. Yaya zan yi da wannan rashin sanin? Kuma in gaya masa abin da nake tsoro?

Amsa:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ba Malam lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri.

Bari mu fara da "wataƙila" ɗin da ta hana ki barci. Likitan bai ɓoye miki komai ba, iya abin da gwajinsa zai iya faɗa ke nan. Tambayoyin nan masu maki 30 ba su tabbatar da ciwo, aikinsu su nuna ko akwai abin da ya cancanci a bincika. Maki yana sauka idan mutum bai ji tambayar da kyau ba, ko bai yi barci ba, ko suga ya yi ƙasa a lokacin, ko an tambaye shi da harshen da ba da shi yake tunani ba. Dattijon da karatunsa na allo ne, aka ce ya zana agogo ko ya riƙa cire bakwai bakwai daga ɗari da Larabci, zai iya zubar da maki alhali ƙwaƙwalwarsa lafiya lau. Akwai gwajin da ake kira RUDAS, wanda aka tsara don mutanen da harshensu ko karatunsu ya bambanta da na mai gwajin, kuma ya dace ki tambaya ko za a yi masa shi.

Bayan haka, ba a sa wa mutum sunan ciwon mantuwa, wanda za ki ji likitocin nan suna ce wa haraf ko zahaimar, sai an tabbatar da abu biyu: ya ragu daga yadda yake a da, kuma raguwar ta taɓa harkokinsa na yau da kullum. Raguwa kuwa sau da yawa ba a ganinta a zama ɗaya. Sai an ga mutum yau, an sake ganinsa bayan watanni, an kwatanta. Ashe wata ukun nan da kike gani kamar ɓata lokaci suna cikin binciken, kuma ke ce kike riƙe da mafi yawan abin da likitan zai buƙata.

Ba za mu rarrashe ki da abin da ba gaskiya ba. Tsufa yana sa mutum ya manta suna ya tuna daga baya, ko ya nemi tabarau alhali yana kansa. Amma ɓata a hanyar da aka shekara ana bi, da rikicewa a sana'ar da hannu ya saba da ita, sun wuce tsufa. Kin yi daidai da kika kai shi asibiti, ba ki zalunce shi ba. Ranakun da yake tashi garau ba su ƙaryata ki, haka lamarin yake, yau sauƙi gobe nauyi. Sai dai wuce tsufa ba yana nufin lallai zahaimar ne ba. Akwai matakin da ake kira raunin tunani mai sauƙi, wanda wasu ke wucewa daga shi zuwa ciwon, wasu su tsaya a nan shekaru, wasu ma su farfaɗo idan an gano sanadin. Akwai kuma cututtukan da ke shigar burtu da kamannin mantuwa, kuma suna da magani. Waɗannan ba sai kin jira wata uku ba.

Ki nemi mau'idi ta manhajar Sehhaty ta Ma'aikatar Lafiya, ki koma wajen likitan markaz cikin makon nan ko na gaba, ki roƙi a yi gwajin jini idan ba a riga an yi ba: TSH na maƙoƙo, bitamin B12, cikakken ƙidayar jini, sodiyam da kalsiyam, aikin ƙoda da hanta, da HbA1c na suga. Mun fi damuwa da B12 saboda wanda ya daɗe yana shan maganin suga na metformin jikinsa kan rage tsotsar wannan bitamin, kuma ƙarancinsa na kawo mantuwa, da jin kamar kiyashi na yawo a tafin ƙafa, da rashin daidaito wajen tafiya. Idan kuma yana shan gliclazide ko glibenclamide, ko yana allurar insulin, faɗuwar suga ita kanta tana rikita dattijo. Duk lokacin da kika ga ya ruɗe, ki auna sugan a take ki rubuta. In ya yi ƙasa da 70 kuma yana iya haɗiya, ki ba shi rabin kofin lemon kwali mai suga ko babban cokali ɗaya na suga a ruwa, ki sake aunawa bayan minti 15, sannan ki sanar da likita, domin alama ce cewa maganin ya yi masa yawa.

Ki tattara duk abin da yake sha a leda ɗaya ki tafi da shi, har da wanda aka saya a kemis ba da takarda ba, da na gargajiya da 'yan uwa ke kawowa daga gida lokacin Umara. Magungunan mura masu sa barci irin su chlorpheniramine, da amitriptyline da ake ba masu suga saboda zafin ƙafa, da oxybutynin na riƙe fitsari, da diazepam, da tramadol, duk suna dusashe tunanin tsofaffi. Kada ki dakatar da ko ɗaya da kanki, wasu idan aka yanke su farat ɗaya suna jawo wata matsalar. Likita ne zai rage ko ya canza.

A duba kunnensa da idonsa. Wanda bai ji magana ba ba zai tuna ta ba, kuma dattawa da yawa sun gwammace a ce sun manta da a ce sun kurumce. Ki gaya wa likita idan yana minshari mai ƙarfi har numfashi ya ɗauke ya dawo da firgita, idan ya daina jin daɗin abin da yake so ya koma zaman shiru, ko idan ya taɓa faɗuwa ya bugi kai cikin watannin nan, ko da a banɗaki ne kuma ya tashi ya ce ba komai. Jini kan taru a hankali a ƙarƙashin ƙoƙon kai makonni bayan faɗuwa, musamman ga mai shan asfirin, kuma hoton kai na nuna shi.

Yanzu littafi. Ki sayi ƙaramin littafin rubutu, ko ki riƙa tura wa kanki saƙon murya a waya idan ya fi miki sauƙi. Kada ki rubuta "yau ya rikice", wannan ba ya gaya wa likita komai. Ki rubuta kamar haka: Talata, bayan La'asar, ya tambayi ko Hajiya Babba ta kira sau huɗu cikin awa ɗaya, suga 140, jiya bai yi barci ba sai ƙarfe biyu. Ki rubuta ranaku masu kyau su ma. Ki zauna ki tuna abin da kika fara lura da shi da watan da ya faru, da ko abin a hankali yake tafiya ko kuwa yana zama daram sai ya faɗi mataki guda. Likitan ƙwaƙwalwa da irin wannan yake rarrabewa. Zahaimar, wanda shi ne kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na masu ciwon mantuwa a ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, yawanci yana sanɗa ne, yana fara cinye abin da ya faru ɗazu ya bar na shekara arba'in. Wanda toshewar ƙananan jijiyoyin jini ke kawowa, abokin tafiyar suga da hawan jini, sau da yawa mataki mataki yake sauka. Wani nau'in kuma yana zuwa da ganin mutane ko ƙananan dabbobin da babu su, da taurin jiki, da naushi ko ihu cikin mafarki. Littafin yana da wani amfanin a gare ki: abin da kika sauke a takarda ba sai kin yi ta juya shi a kai da tsakar dare don gudun kada ki manta ba.

Akwai alamomin da ba a jiran mau'idi a kansu. Idan baki ya karkace, ko hannu ko ƙafa ta mutu, ko magana ta sarƙe farat ɗaya, ki kira motar asibiti ta Hilal Ahmar a 997 nan take, ki riƙe lokacin da abin ya fara, domin maganin narkar da gudan jini yana da iyaka ta kusan awa huɗu da rabi. Idan cikin kwana ɗaya ko biyu ya rikice fiye da yadda kika saba gani, yana gyangyaɗi ko yana fizge-fizge, wannan ba ci gaban mantuwa ba ne, galibi ciwon fitsari ne, ko na ƙirji, ko ƙarancin ruwa a jiki, kuma na gaggawa ne. A zafin Makka da kan haura digiri 45, dattijo yana bushewa bai ji ƙishirwa ba, don haka ki riƙa miƙa masa ruwa bayan kowace salla ba tare da jiran ya nema ba, sai fa idan likita ya taƙaita masa ruwa saboda zuciya ko ƙoda. Idan kin rasa ko abu na gaggawa ne, 937 layin Ma'aikatar Lafiya ne, ana samun likita a kai dare da rana. In kuma kika ga tafiyarsa ta koma jan ƙafa kamar an manne ta da ƙasa, ga fitsari yana kufce masa, ki koma markaz ki nemi a matso da mau'idin, saboda taruwar ruwa a ƙwaƙwalwa na yin haka kuma ana yi mata aiki.

A cikin gida, abu na farko da za mu roƙe ki shi ne ki daina yi masa jarrabawa. Mun san dalilin da ke sa mace ta ce "Malam, me muka ci da rana?" Tana neman abin da zai kwantar mata da hankali ne. Amma in ya ci, hankalinki zai kwanta na awa ɗaya kawai, in ya faɗi ku duka biyu ku kwana da ɓacin rai, shi kuma ya soma jin tsoron bakinki. Maimakon tambaya, ki ba shi amsar a cikin magana: "Ga Aisha 'yar wajen Sani ta zo gaishe ka." In ya maimaita tambaya, ki amsa gajere kamar yanzu ya fara yi, domin a wajensa yanzu ya fara. Allo ƙarami a bango mai ɗauke da ranar yau da abin da za a yi yana rage maimaicin.

Zancen kuɗi shi ya fi ciwo, mun sani. Shekara 39 ba ki taɓa masa riyal ba, yau a ce ke. Ga yadda abin ke faruwa: ya ɓoye kuɗin da kansa saboda yana jin abubuwa na kufce masa, ɓoyewar ta goge daga kansa, sai ƙwaƙwalwa ta cike gurbin da bayanin da ya fi kusa, kuma wanda ya fi kusa ke ce. Rantsuwa da kawo shaida ba su warware shi. Ki ce "Kuɗin sun ɓata? Tashi mu duba tare," ki bar shi ya gano su da hannunsa. Ki lura da maɓoyansa, yawanci biyu ne ko uku: ƙarƙashin katifa, aljihun tsohuwar jallabiya, cikin akwatin keken ɗinki. Ki duba kwandon shara kafin a zubar. Ki bar masa 'yan kuɗi kaɗan a aljihu kullum, namiji da aljihu wayam hankalinsa ba ya kwanciya. In kin ga rikicin ya fi tashi dab da Magariba, sananne ne: ki kunna fitilu tun kafin duhu, a rage hayaniyar talabijin da ta yara, kada a kawo zance mai nauyi a wannan lokacin.

Kada ki hana shi masallaci, kada kuma ya sake zuwa Isha'i ko Asuba shi kaɗai. Ki samu maƙwabci ko jika da zai riƙa biyo masa, a matsayin abokin tafiya, ba mai gadi ba. Ki sa kati a aljihun kowace riga, da sunansa da lambar waya biyu, an rubuta da Larabci. A kunna raba wuri a wayarsa zuwa taki da ta ɗanku. Ki riƙe hotonsa na kwanan nan. In ya ɓata, kada a ce bari a ga zuwa anjima: wasu su bi hanyoyin da ya saba, har da tsohon shago ko tsohon gidan da kuka taɓa zama, wani kuma ya kira lambar gaggawa ta 911. Harami kuwa, da cunkosonsa da ƙofofinsa masu kama da juna, ba wurin da za a sake hannunsa ba ne, musamman a Ramadan da lokacin Hajji. In yana tuƙi, a dakata har likita ya yi magana. Ki riƙa rufe kan tukunyar gas da dare. Magani kuma ya koma hannunki, a akwatin nan mai gida bakwai na kwanakin mako, domin mai suga da ya sha sau biyu saboda mantuwa yana cikin haɗari.

Ɗinki kada a raba shi da shi. Hannu yana riƙe abin da ya koya tun bayan kai ya soma saki. A ba wani yaro karɓar awo da lissafin kuɗi da alƙawarin ranar karɓa, shi a bar masa kalmasa da sa maɓalli da abin da ya iya ba tare da ruɗewa ba.

Akwai aikin da ya fi kyau a yi yanzu, yana cikin hankalinsa kuma da yardarsa, ko da daga baya an ce ba ciwon ba ne. Ku zauna da ɗanku a rubuta bashin da ake binsa da wanda yake bi, da kayan mutane da ke shago, da duk wata amana, da wasiyyarsa in yana so. A san yadda ake shiga Absher ɗinsa, wato manhajar hidimomin gwamnati, da asusun banki, da ranar ƙarewar katin shaida ko iƙama, wato katin zama, da inshora. A ja masa kunne, a kuma sa ido, kan masu kira suna neman lambar sirrin da ke shigowa ta saƙo. Zai iya ba wanda ya amince da shi wakala ta Najiz, manhajar Ma'aikatar Shari'a, don zirga-zirgar ofisoshi. Ki sani dai cewa wakala tana faɗuwa idan mai bayarwa ya rasa hankalin gudanar da al'amuransa, daga nan sai kotu ta naɗa waliyyi bisa rahoton likita.

Kin tambaya ko ki gaya masa. Ra'ayinmu shi ne ki gaya masa gaskiyar da ke hannunki, kada ki ɗora masa sunan da likita bai sa ba. Ki zaɓi safiya, ku biyu kawai, ki ce: "Malam, na ga mantuwa tana damunka, ni ma ta dame ni. Likita ya ce abubuwa da yawa na kawo ta, wasu suna da magani. Mu bi a hankali mu gani, ina tare da kai." Da yawansu sun riga sun ji a jikinsu, suna ɓoyewa ne don kunya, kuma jin an faɗa a fili yana sauke musu kaya. In ya musa, kada ki ja. Wani lokaci rashin ganin matsalar yana cikin ciwon, ba taurin kai ba ne. Ki ce za a je duba suga da jini, wanda kuma gaskiya ne.

Ɗanku ba gardama zai gamsar da shi ba. Ki ba shi littafin ya karanta, ki bar shi ya wuni da mahaifinsa tun safe har dare, domin ziyarar rabin awa ba ta nuna komai, dattijo na iya tattara ƙarfinsa ya yi gaisuwa da hira tsaf. Sannan ki ba shi aiki takamaimai: shi zai kai ku asibiti, shi zai riƙe takardu. Ƙanwar Malam kuwa ki ce mata addu'a da ruƙiyya da ayoyin Alƙur'ani ba wanda ya hana, a yi. Iyakar ita ce ba za a daina maganin asibiti ba, ba za a ɗura masa jiƙon da ba a san abin da ke ciki ba ga mai suga da ƙoda ke wahala, ba turaren da zai shaƙe shi, ba mai karɓar kuɗi da alƙawarin warkarwa. Alƙur'ani da kansa, a Suratun Nahli aya ta 70, ya ambaci wanda ake mayarwa ga mafi raunin shekaru har ya kasa sanin abin da ya sani. In raka'a tana rikice masa, ya bi liman ko wani ya yi salla kusa da shi, kuma kada a yi ta gyara masa a gaban mutane. Maganar azumi a haɗa likita da malami kafin Ramadan ya zo.

Saura ke. Abin da kike ji yana da wuyar faɗa wa mutane, saboda mijinki na zaune a gabanki amma kina kewarsa, kuma ba wanda zai zo miki jaje. Wannan baƙin ciki ne na gaske, ba rashin tawakkali ba. Rashin sani ya fi dare duhu, shi ya sa zuciya ke gudu ta je shekara biyar gaba ta dawo miki da abin tsoro. In ta tafi, ki dawo da ita da tambaya ɗaya: me ake buƙata daga nan zuwa Juma'a? Ki daina binciken ciwon a waya bayan Isha'i, abin da za ki gani yawanci matakin ƙarshe ne, wanda ba a ce ma hanyarku ke nan ba. Ki zaɓi mace ɗaya mai riƙe sirri da za ki riƙa gaya wa komai. Ki karɓi wuni ɗaya a mako, ko rabin wuni, da wani zai zauna da Malam ke ki fita, kuma a fara tun yanzu don ya saba da fuskar. Rana za ta zo da za ki ɗaga masa murya, ki yi istigfari ki ba shi haƙuri ki wuce, gajiya ce. Ki auna naki hawan jinin. In rashin barcin nan da kuka da rashin cin abinci suka kai mako biyu a jere, ki ga likita don kanki, kada ki sha maganin barcin kowa. Ƙungiyar Zahaimar ta Saudiyya, mai hedikwata a Riyad, tana wayar da kan masu jinya da tallafa wa iyalai, ɗanku zai iya tuntuɓarsu.

Ranar mau'idi ki tafi da littafin, da ledar magani, da sakamakon jini, da tabaransa, da wanda zai fassara in Hausa ta fi masa sauƙi. Ki taƙaita abin da kika gani a shafi ɗaya ki miƙa wa likita tun a ƙofa, don kada ki zayyana ɓatansa da zancen kuɗi a gabansa. Mai yiwuwa a tura shi hoton MRI ko CT, mai yiwuwa kuma a ce ku dawo bayan wata shida a sake gwaji, ki shirya wa jin hakan. Ki tambaya: me aka kawar, me ya rage, wane nau'i ake zato, zai iya tuƙi, wa za mu kira in abu ya canza? In an rubuta donepezil, ana farawa da miligiram 5 a rana, a ƙara zuwa 10 bayan mako huɗu zuwa shida. Ba ya warkarwa, yana ɗan riƙe tunani na wani lokaci ga wasu, kuma yana iya kawo tashin zuciya, gudawa, munanan mafarkai da saukar bugun zuciya, don haka a auna bugun kafin a fara, a kuma gaya wa likita in yana shan maganin hawan jini mai rage bugu irin su atenolol ko bisoprolol. In kuwa Malam ya taɓa cewa yana ganin mutane a ɗaki alhali babu kowa, ki faɗa tun kafin a rubuta masa wani maganin kwantar da hankali, domin masu wancan nau'in suna shan wuya ƙwarai da irin su haloperidol.